Tambayi Anti: Jos, Sakkwato ko Zariya, ina zan cike?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema kuma ina so ki amsa min kafin lokacin canjin makaranta na JAMB ya wuce. Ni 'yar Funtuwa ce, shekarata 18, na ci 251 a JAMB, kuma tun ina aji huɗu na sakandare famasi nake so wato harhaɗa magunguna. Ni dai wallahi Jos raina yake so, duk wanda ya je sai ya dawo yana labarin sanyi da duwatsu da kayan lambu, ni kuma na gaji da zafi. Baba ya kafe sai Sakkwato, wai ƙaninsa yana can zai dinga sa min ido kuma makarantar ba hayaniya. Umma kuma Zariya take so saboda kusa. Sannan ina da sikila, amma alhamdulillah ba ya yawan tasar min, bara sau biyu kawai aka kwantar da ni. Yanzu gidanmu kowa da tasa, ni na rasa ta wa zan bi.
Ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka, 251 ba wasa ba ne. Amma kinga abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙar kamar ba komai ba, maganar sikilar nan, ita ce ta kamata ta zo a layin farko. Da wata ce lafiyayya ta turo min wannan tambayar da sai in ce mata yanayin gari shi ne na ƙarshe a lissafi, ki fara duba kwas, ki duba hanya da kuɗi, zafi ko sanyi kuwa wata biyu jiki ya saba. Ke ba haka lissafinki yake ba.

Bari mu fara da Jos ɗin tunda ita ce a ranki. Garin yana kan tudu ne, tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 1,200, shi ya sa yake da wannan yanayin da ake yabo, da rana da wuya zafi ya dame ki ko a watan Maris, amma a Disamba da Janairu da daddare sanyi yana sauka wajen digiri 11 ko 12 wani lokacin ma ƙasa da haka, sannan damina tana da tsawo da ruwa mai yawa, har ƙanƙara ana yi. Wanda ya je hutun sati ɗaya ya kwana a ɗaki mai bargo da ruwan zafi dole ya dawo yana yabo. Ɗalibar hostal ba haka take rayuwa ba. Ƙarfe biyar na asuba za ki fito da bokiti neman ruwa, ki yi alwala da ruwan da ya kwana a waje, ki yi wanka da shi in ba wuta, ki hau abin hawa iska na dukan ki don lakcar ƙarfe bakwai ko takwas, in damina ce kuma ruwa ya jiƙa ki a hanya ki zauna da jiƙaƙƙen hijabi har a tashi. Ke kin fi ni sanin abin da sanyi yake yi wa ƙashin mai sikila, jijiyoyin jini suna tsukewa, jinin ya kasa wucewa, ciwo ya tashi. Kuma ke fa 'yar Funtuwa ce, garinku ma ba baya ba ne wajen hunturu, ki tuna watannin da aka kwantar da ke bara, in a cikin sanyi ne ko bayan ruwa ya dake ki to jikinki ya riga ya ba ki amsa.

Ba wai ina kushe jami'ar ba ne. Tsohuwa ce, ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma sashensu na famasi yana da suna, asibitin koyarwarsu na Lamingo babba ne. Akwai masu sikila 'yan asalin Jos da suke rayuwarsu lafiya lau, amma su a gidan iyayensu suke, akwai mai dafa musu ruwa. Sannan dole in faɗi ɗayar maganar ko da ba daɗin ji, garin ya sha rikici, 2001, 2008, 2010, kuma a watan Agustan 2021 sai da aka dakatar da karatu gwamnatocin jihohi suka tura motoci suka kwashe ɗalibansu. Yawancin lokaci lafiya ake zaune ana ciniki tare, amma ranar da aka sa dokar hana fita ke kuma ciwo ya tashi cikin dare, wa zai kai ki asibiti? Wannan tambayar nake so ki riƙe, ita za ki yi wa kowane gari a cikin ukun.

Sakkwato kuma. Baba yana da hujja, kar ki raina ta, ɗan uwa a gari babban abu ne ga mai larura, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da aka kafa a 1975, an san ta da kwanciyar hankali da tarbiyya, ga asibitin koyarwa a cikin gari. Matsalar ita ce mutane suna ɗauka sanyi kaɗai ke tada sikila, alhali zafi ma yana tada ta ta wata ƙofar, wato bushewar ruwan jiki. Sakkwato a watan Afrilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne, yana haurawa 43, 44, dare ma ba ya hucewa, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya sai kowa ya fito da katifa waje. Kina gumi tun safe, kina zirga-zirga tsakanin aji da ɗakin gwaji, kin manta ba ki sha ruwa ba, jini ya yi kauri, shikenan. Ke da kika ce kin gaji da zafin Funtuwa ban san me za ki ce da na can ba. Kuma mazaunin jami'ar na dindindin yana wajen gari ne, sai an tsallaka gadar Kwalkwalawa, wadda ambaliyar 2010 ta taɓa cinyewa har makarantar ta yanke daga gari, don haka "kawunki yana Sakkwato" ba ya nufin yana kusa da ke, sai an tambaya unguwar da yake, yana da abin hawa ko babu, matarsa za ta iya kwana da ke a asibiti ko kuwa sunan zumunci ne kawai. Ki yi wa Baba wannan tambayar cikin ladabi, ko ki sa Umma ta yi masa.

Ga kuma hanya. Daga Funtuwa zuwa Sakkwato sai kin bi Tsafe da Gusau da Talatar Mafara, ya haura kilomita 300, kuma ba sai na faɗa miki halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta shiga a shekarun nan ba, ku ne a bakinta. Karatun famasi shekara biyar ne ko shida, ya danganta da tsarin makarantar, ki lissafa sau nawa za ki bi ta, tafiya da dawowa, hutun zango, hutun sallah, yajin aiki in ya faɗo (na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba), da kuma duk ranar da aka bugo wa Umma aka ce kina gado ta tashi hankali a tashe ta kama hanya ko da yamma ce. Ba ke kaɗai za ki yi ta bin hanyar ba kenan.

To Zariya fa. Na san a kunnenki kamar an ce ki zauna a gida ne, ba wani sabon abu, amma ki tsaya ki duba. Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABU, tun 1962 take, sashenta na famasi yana cikin mafiya daɗewa a Arewa, da yawa daga malaman da ke koyarwa a sauran jami'o'in namu can suka yi karatu. Sashen yana Samaru, asibitin koyarwa yana Shika, kuma abin da ya fi burge ni a lissafinki shi ne Shika a kan hanyarku take, wanda ya taso daga Funtuwa ya wuce Giwa sai ya fara isa Shika kafin ya shiga Samaru. Wato in aka kwantar da ke da safe, kafin azahar Umma tana gefen gadonki da fulas ɗin kunu da katinki na asibiti, in ana neman jini 'yan uwanki suna kusa. Ban ce hanyar Giwa ta tsira daga matsalar tsaro ba, ita ma ana taka-tsantsan ba a bin ta da dare, amma tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ba ɗaya take da ta wuni guda ba. Yanayin garin kuma kusan irin wanda jikinki ya taso a ciki ne, sanyinsa kin san shi, zafinsa kin san shi, kin san watan da kike ƙara suwaita da safa.

Sai dai fa kar ki ɗauka na ce ABU shikenan an gama. A nan ne maganar maki take shigowa, kuma nan ne yara da yawa suke asarar shekara. Famasi yana bin bayan likitanci wajen cunkoso, hukumar PCN mai kula da sana'ar tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ba a wuce shi, ABU kuma duk Arewa ita ake rububi. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Katsina tana cikin na ƙarshen nan, amma kar ki yi murna da yawa don kusan duk jihohin Arewa suna ciki, da su za ki yi takara. 251 ya ba ki damar shiga fili, Post-UTME, wato tantancewar da jami'ar take yi da kanta, da sakamakonki na WAEC ko NECO su za su ƙarasa, musamman kimistiri da bayoloji da fiziks. Kuma ki sani jami'o'in nan a aikace wanda ya sa su a zaɓin farko suke kallo, wanda ya sa su na biyu sai dai ya yi ta jira. Don haka kar ki cike Jos a farko ki ce ABU tana nan a na biyu in ba a dace ba, babu wannan.

Abin da zan so ki yi a satin nan, ki samu ɗaliban famasi na ABU 'yan aji ɗaya ko biyu, ba za a rasa 'yan Funtuwa ba, ki tambaye su da maki nawa aka ɗauke su bara da bara waccan, ba katof ɗin da ake rubutawa a takarda ba, ainihin makin waɗanda suka shiga. Ki tambaye su maganar ɗaki a hostal ɗin mata na Amina ko Ribadu, da yadda ake yi wa masu larura, don takardar likita tana taimakawa wajen neman gado kuma ki nema da wuri. In kika ga makinki ya yi nesa da nasu to ki duba BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, ita ma tana da famasi ga asibitin Malam Aminu Kano, kuma Kano ba ta yi muku nisan Sakkwato ko Jos ba. In kuma aka ba ki wani kwas daban a CAPS, wato shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, kar ki yi saurin danna amincewa don murna, in kika karɓa an rufe maganar, ki zauna da wanda ya sani tukuna.

Kafin duk wannan ki je wajen likitan da yake duba ki, ki gaya masa garuruwan ukun, shi ya san jininki da tarihin ciwonki, ni daga wasiƙa nake magana. In ya goyi bayan kusa, to ki bar shi ya faɗa wa Baba da bakinsa, iyayenmu maza sun fi jin ta likita a kan ta Umma, balle taki. Jos kuma tana nan ba inda za ta, bayan digiri akwai shekarar horon aiki a asibiti, ki nema a can in har lokacin kina so, da albashinki da ɗakinki da hitar dafa ruwa.

Salam Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, yarona na fari ya nemi likitanci sau biyu bai samu ba, yanzu wani ejan ya kawo mana takardun jami'o'i a Rasha da Masar, ya ce Rasha ta fi sauƙin kuɗi. Uwarsa tana tsoron sanyi, ni kuma kuɗin nake dubawa. Wacce kike gani?
Wani uba daga Kano

Alhaji Allah ya ƙara girma, ya kuma saka da alheri da wannan ƙoƙarin. Kafin sanyi kafin kuɗi, abu na farko a tabbatar hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, ta san da jami'ar, kuma kai da kanka ko yaron ku bincika, ba ta bakin ejan ba, shi kamashonsa yake nema. Duk wanda ya karanta likitanci a waje in ya dawo sai ya zauna jarabawar hukumar kafin a ba shi lasisi, kuma ana faɗuwa sosai, yawanci ba don yaran ba su da ƙwaƙwalwa ba sai don ba su taɓa marasa lafiya da hannunsu yadda ya kamata ba. A nan ne harshe yake shigowa. Ko an ce da Turanci ake koyarwa a Rasha, tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti da Rashanci za ta faɗi inda ke mata ciwo, yaron da bai iya ba sai ya koma ɗan kallo a bayan layi. A Masar ma likitanci da Turanci ake yi amma marasa lafiya Larabcin Masar suke yi, sai dai yaron da ya yi Islamiyya a Kano ya fi kusa da wannan nesa ba kusa ba. Sannan cututtukan da zai dawo ya tarar, zazzaɓin cizon sauro, taifot, sikila, tamowa, ba su ne cike da asibitocin Mosko ba.

Tsoron Hajiya kuma ba shirme ba ne amma ba shi ne babba ba. Mosko a Janairu ƙasa da sifili ake wuni, akwai ranakun da ake kai 20 ƙasa da sifili, sai dai gine-ginensu da ɗumi a ciki, da kaya masu kauri yaro lafiyayye yana sabawa. Abin da ya fi karya yaranmu shi ne duhu da kaɗaici, a Disamba hasken rana bai fi awa bakwai ba, ka fita aji da duhu ka dawo da duhu, ba ɗan uwa, ba abincin da ka sani, naman halal sai an nema. Alƙahira kuwa awa 'yan kaɗan ce a jirgi, ga Hausawa ɗalibai tun zamanin da, ga kiran sallah a kowane lungu.

Maganar kuɗi Alhaji kai ne malaminta, amma a yi lissafin shekara shida ko bakwai da dala, ba na shekarar farko da naira ba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, iyaye da yawa a tsakiyar karatu abin ya gagare su yara suka dawo ba digiri ba kuɗi. A kuma tambayi yadda ake tura kuɗi Rasha yanzu, tun takunkumin 2022 ba kai tsaye ake yi ba. Kuma mun ga abin da ya samu ɗalibanmu na Yukren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023, da aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, wasu suna ajin ƙarshe, takardunsu suna can. In dai tsakanin biyun nan ne kuma aljihu zai ɗauka har ƙarshe, ni Masar zan ce, jami'ar gwamnati sananniya. In kuma lissafin yana tangal-tangal tun yanzu, a zauna da yaron a yi maganar jami'o'in kuɗi na cikin gida ko wani fannin lafiyar, kar a fara abin da za a tsaya a aji uku.

Anti ni a Rijiyar Zaki nake, BUK tana bayan gidanmu, aikin jarida nake so amma wallahi so nake in yi nisa, in ina gida aike ba zai bar ni in yi karatu ba, ni ne cefane ni ne kai yara makaranta ni ne sayo gas. Ina tunanin Maiduguri.
Ɗanki daga Kano

Ɗana ka ba ni dariya, amma na fahimce ka. Sai dai kwas ɗin da kake so BUK tana cikin inda aka fi ƙwarewa a kansa a ƙasar nan, tsangaya guda suka ware wa harkar sadarwa, ga gidan rediyonsu a cikin makaranta, ga Kano cike da gidajen rediyo da talabijin da za ka dinga laɓewa kana koyon aiki tun kana aji biyu. Ka bar wannan ka tafi tafiyar kusan kilomita 600 saboda gas? Jami'ar Maiduguri ba ta da laifi, tana da nata manyan malaman, amma can ma za ka yi cefane, naka, da kuɗin da babu. Ka cike BUK, ka nemi gado a hostal ko ku haɗa kuɗi da abokai ku kama ɗaki, ka ce wa Hajiya sai Juma'a Juma'a za ta dinga ganin ka. Ƙaninka mai bi maka shekararsa nawa? A fara koya masa hanyar kasuwa tun yanzu.